Yadda mota za ta zauna daram a kan hanya ba tare da an rage mata tsayi ba

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan, masu sha'awar motoci kan rage wa mota tsayi domin ta riƙa kama hanya sosai idan ta shiga kwana. To amma a yankunan karkara irin su Matazu ta jihar Katsina, inda ramuka da kwazazzabai da lodin amfanin gona ke jiran kowace mota, wannan dabara ba ta da wurin zama. Abin tambaya shi ne, ta yaya direba zai sami motar da ke masa biyayya, alhali cikinta bai kusanci ƙasa ba?

Ƙaramar hukumar Matazu, wadda ke maƙwabtaka da Musawa da Kankia, tana cikin ƙananan hukumomi 11 na shiyyar Funtua, yankin da ya yi fice wajen noman masara da dawa da auduga da waken soya. Ƙidayar jama'a ta shekara ta 2006 ta nuna cewa mutanen ƙaramar hukumar sun haura dubu 100, kuma akasarinsu da noma da kiwo suka dogara.

Da zarar kaka ta yi, ƙananan motocin haya irin su Golf da Sharan, da kuma a-kori-kura da Canter, su ne ke fito da buhuna daga ƙauyuka zuwa kasuwanni irin na Malumfashi da Bakori da Funtua da Dandume, wani hatsin ma har ya dangana da Dawanau a Kano. Mota guda takan fara tafiya a kan burji ko turbar amalanke, ta ƙetare rafi, sa'an nan ta hau kwalta ta kama gudu. Matsalar 'yan bindiga da ta addabi wannan yanki a 'yan shekarun nan ta ƙara sa direbobi gaggawa, domin ba mai son dare ya riske shi a hanya.

A irin wannan hali, batun ƙafafun mota ya shafi rayuka kai tsaye. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekara ta 2023 ya ƙiyasta cewa mutane kimanin miliyan ɗaya da dubu 190 ne ke mutuwa a haɗurran hanya kowace shekara, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce kan gaba.

Me ya sa ake rage wa mota tsayi?

Kowace mota tana da abin da injiniyoyi ke kira cibiyar nauyi, watau wurin da za a iya cewa nan ne nauyinta ya tattaru. Idan mota ta shiga kwana, nauyin yakan rinjaya zuwa tayoyin da ke waje, na ciki kuma su yi sakayau. Gwargwadon nisan cibiyar nauyin daga ƙasa, gwargwadon yawan wannan rinjaye.

To sai dai ribar da ake samu daga rage tsayi ba ta kai yadda ake zato ba. Cibiyar nauyin ƙaramar mota tana kimanin rabin mita ne daga ƙasa. Idan aka sauke motar da santimita uku, rinjayen nauyin zai ragu da kimanin kashi 6 cikin ɗari. Direban da ke gudun kilomita 80 cikin sa'a guda zai iya samun wannan ragi idan ya sassauta da kilomita biyu zuwa uku kacal.

Dalili kuwa shi ne, ƙarfin da ke fizgar mota waje a kan kwana yana ninkuwa ne fiye da yadda gudun ke ƙaruwa. Motar da ta shiga kwana da gudun kilomita 80 tana fuskantar kusan ninki biyu na abin da za ta fuskanta da gudun 60. Idan gudun ya kai 120 kuwa, ninki huɗu ke nan.

Bugu da ƙari, mafi yawan sauyin da masu sauke mota ke ji a hannunsu yana fitowa ne daga sababbin kayan ƙafa da aka ɗaura a lokaci guda, waɗanda suka maye gurbin tsofaffin da suka gaji. Ana iya samun wannan amfani ba tare da an taɓa tsayin motar ba.

Darasin Peugeot 504

Dattawan direbobi a arewacin Najeriya ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan wannan, domin sun tuƙa Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo. An fito da motar ne a Faransa a shekara ta 1968, ta kuma zama gwarzuwar motocin Turai ta 1969. Kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya ci gaba da fitar da ita har zuwa tsakiyar shekarun 2000, shekaru da dama bayan an daina yin ta a Turai.

Motar doguwa ce daga ƙasa, ƙafafunta kuma suna da laushi da doguwar tazarar hawa da sauka. Duk da haka ita ce ta lashe gasar tseren Safari ta gabashin Afirka a 1975, wani nau'inta kuma ya sake lashewa a 1978, a kan hanyoyin da suka fi na ƙauyukan Katsina muni.

Sirrin shi ne, a kan hanya mai gargada, motar da tayoyinta huɗu ke manne da ƙasa a kowane lokaci ita ce ke jin sitiyari da birki. Tayar da ta yi tsalle ta rabu da ƙasa, ko da na ƙiftawar ido ne, ba ta juya mota, ba ta kuma tsayar da ita. Wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba, kuma aikin dukkan kayan ƙafar mota shi ne kiyaye waɗannan tafuka huɗu.

Sifirin da shokabzoba

Sau da yawa akan rikita aikin waɗannan abubuwa biyu. Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota, shi ne kuma ke ƙayyade tsayinta. Shokabzoba kuwa aikinta hana sifirin ci gaba da lilo bayan taya ta faɗa rami. A cikinta akwai mai da ake tursasa wa bi ta wasu 'yan ƙananan kafofi, wanda hakan ke mai da ƙarfin jijjigar ya koma zafi.

A kan burjin da ya yi kunya-kunya, shokabzoba kan motsa sau da dama cikin daƙiƙa guda. Man yakan yi zafi ya yi kumfa, daga nan sai ƙarfinta ya ragu, motar ta fara yawo a kan hanya. Maganin wannan shi ne nau'in da aka ɗura wa iskar gas ta naitirojin, wadda ke danne man ta hana shi kumfa. Wani injiniya Bafaranshe, Christian Bourcier de Carbon, shi ya shahara da wannan fasaha a farkon shekarun 1950. Irin wannan shokabzoba ba ta rage wa mota tsayi, kuma ita ce sauyi guda da direba zai fi saurin jin amfaninsa.

Alamomin shokabzobar da ta mutu sun haɗa da yoyon mai a jikinta, da yadda gaban mota ke dunƙufawa idan an taka birki, da kuma cinyewar taya gurbi-gurbi. Idan aka danna kusurwar mota aka saki ta ci gaba da lilo fiye da sau ɗaya ko biyu, to ta gama aiki. Amma wannan gwaji yana kama wadda ta mutu murus ne kawai, wadda ta yi rabin mutuwa takan tsallake shi. Wasu kamfanonin da ke ƙera ta na ba da shawarar a sauya bayan kimanin kilomita dubu 80, kuma a hanyoyin karkara ba ta cika kai haka ba.

Ƙa'ida ita ce a sauya biyu-biyu, ta dama da ta hagu a lokaci guda. Kazalika a guji masu taurin gaske da aka yi domin filin tsere, saboda a kan gargada suna sa taya tsalle-tsalle.

Shi ma sifirin yana gajiya. An daina ƙera Golf 3 tun kafin shekara ta 2000, saboda haka duk wadda ke lodi a tasha a yau ta haura shekara 25. Akasarin irin waɗannan motoci sun riga sun zauna ƙasa da tsayinsu na asali. Sanya sabon sifirin daidai da lambar motar yakan mayar mata da tsayin da ta rasa. Akwai kuma nau'in da ke da laushi idan mota ba kaya, ya riƙa ƙara tauri yayin da nauyi ke ƙaruwa, wanda ya dace da motar da kan tafi fanko ta dawo da lodi.

Ƙananan abubuwan da ake rainawa

Tsakanin ƙarafan ƙafar mota da gangar jikinta akwai robobin da kanikawa ke kira bushin. Zafi da ƙura da baƙin mai kan sa su tsattsage. Idan suka saki, taya takan ɗan karkata da kanta duk lokacin da aka taka birki ko aka faɗa rami, sai direba ya ji motar na ja gefe guda. Haka nan boljoyin da kawunan sandar sitiyari, waɗanda idan ɗayansu ya cire ana cikin gudu, taya kan kwanta nan take.

Akwai kuma wata 'yar roba da ke tare ƙafa idan ta kai maƙurar matsewa, don kada ƙarfe ya bugi ƙarfe. Ba ta da tsada, amma sau da yawa idan ta rube ba a mayar da ita, alhali rashinta na kashe sabuwar shokabzoba cikin ɗan lokaci.

Bayan duk wani aikin ƙafa wajibi ne a kai mota saiti a kan na'ura, domin a daidaita fuskantar tayoyin. Saitin ido ko na igiya na iya fitar da mutum daga daji, amma kuskuren 'yan milimitoci ya isa ya cinye gefen sabuwar taya, ya kuma sa mota rawa a kan kwalta. Kuma ba a yin saiti a kan robobin da suka mutu, domin ba zai zauna ba.

Sandar hana karkata

A ƙarƙashin yawancin motoci akwai wata sandar ƙarfe da ta haɗa ƙafar dama da ta hagu, wadda kanikawa ke kira sitabilaiza. Idan tayoyin biyu suka hau tudu tare, ba ta yin komai. Amma idan mota ta nemi kishingiɗa a kan kwana, sandar takan murɗe ta yi turjiya. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta rage karkata ba tare da an taɓa tsayi ba.

Ƙarin kauri kaɗan na kawo babban sauyi. Sanda mai kaurin milimita 22 ta fi mai milimita 20 tauri da kusan rabi. Don haka ake bukatar hattara. Idan aka ƙara wa ta gaba kauri da yawa, mota takan ƙi shan kwana ta miƙe. Idan kuwa ta baya ce ta yi tauri, bayan motar ne zai nemi zarcewa ya juyo, wanda ya fi haɗari ga direban da bai saba ba. Sanda mai taurin gaske tana kuma hana kowace ƙafa bin ƙasa ita kaɗai a wurin da hanya ta zaizaye.

Ga motar karkara, abin da ya fi shi ne a tabbatar sandar asali tana nan, robobinta da mahaɗanta kuma suna da lafiya. Ba abin mamaki ba ne a leƙa ƙarƙashin motar haya a tarar an kwance sandar an jefar, saboda kawai tana ƙara.

Taya ita ce magana

Rubutun da ke jikin taya na ɗauke da bayanai masu muhimmanci. Idan aka ga 195/65 R15, ana nufin faɗinta milimita 195 ne, tsayin gefenta kuma kashi 65 cikin ɗari na faɗin, watau kimanin milimita 127. Tayar ƙawa mai lamba 225/45 R17 kuwa gefenta bai wuce milimita 101 ba. Siririn gefe na sa sitiyari kaifi a kan lafiyayyar kwalta, amma rami ɗaya na iya fasa tayar ya lanƙwasa wili. A Matazu taya mai dogon gefe ta fi amfani.

Akwai kuma lambar nauyi. Lamba 82 na nufin tayar na iya ɗaukar kilo 475, lamba 91 kuwa kilo 615. Sai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekara ta 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗin cewa a daina amfani da taya bayan shekara huɗu da ƙera ta. Tsofaffin tayoyi na cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su Najeriya, amma duk da haka kasuwanni cike suke da su, cikinsu har da waɗanda aka yi domin ƙanƙarar Turai, masu laushin roba da ba su dace da zafin watannin Maris zuwa Mayu ba.

A auna iska da safe kafin taya ta ɗau zafi, a kuma bi adadin da kamfani ya rubuta a jikin ƙofa ko murfin tanki, inda akan nuna na mota fanko da na mai cikakken lodi. Ƙarancin iska tare da nauyi da gudu shi ke dafa taya har ta fashe. Idan sababbi biyu kaɗai aka iya saya, masu ƙera taya na ba da shawarar a sa su a baya.

A watan Agustan shekara ta 2000, kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan shida da rabi a Amurka, bayan jerin haɗurran da dogayen motoci ƙirar Ford Explorer suka riƙa wuntsilawa idan taya ta saɓule. A Najeriya ma, ran 6 ga watan Maris na 2016, ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan da tayar motarsu ta fashe. Rahoton hukumar FRSC ya ambaci gudu da kuma taka birki da ƙarfi bayan fashewar.

Haɗarin ɗaga mota fiye da kima

A tashoshin mota na arewacin Najeriya, matsalar da aka fi gani ita ce ɗaga mota. Akan cusa yankakkiyar taya ko wani ƙarfe a ƙarƙashin sifirin, ko a sa sifirin ɗin motar da ta fi girma, ko a yi walda a ƙara wa ƙafa tsawo, domin kada salansa da tukunyar baƙin mai su riƙa bugun ƙasa idan an yi lodi.

Ɗagawa kaɗan ba laifi ba ne. Kamfanoni irin su Volkswagen da kansu kan sayar da motoci masu ƙafafu na musamman domin ƙasashe masu munanan hanyoyi, inda ake ƙara tsayin da bai cika wuce santimita biyu ba, tare da shokabzobar da ta dace da faranti mai kare ƙarƙashin inji.

Idan aka wuce haka kuwa, matsaloli kan biyo baya. Shokabzoba takan miƙe har ƙarshe, ta yadda taya ba ta iya sauka ta bi rami. Shaf ɗin da ke juya tayoyin gaba yakan karkace ya ci kansa, tiyon man birki kuma ya ɗaure. A wasu nau'o'in Golf 2 da Golf 3 akwai wata na'ura a ƙafar baya da ke ƙara wa birkin baya ƙarfi gwargwadon yadda motar ta zauna saboda nauyi. Idan aka ɗaga bayan ba a sake saita ta ba, sai ta ɗauka motar fanko ce alhali tana ɗauke da buhuna.

Ƙara ganyen sifirin a a-kori-kura na hana bayanta zama, amma bai ƙara wa birki ko taya ko aksul ƙarfin komai ba. Yanke sifirin ko gasa shi da wuta ko yi masa walda kuwa na kashe ƙarfen, ya bar shi yana jiran ranar karyewa.

Tsayi na da nasa farashi. A shekara ta 1997 wata sabuwar Mercedes A-Class, mai tsawo da gajeren jiki, ta kife a hannun 'yan jaridar Suwidin yayin gwajin kauce wa dabba a hanya. Kamfanin ya sake fasalin ƙafafunta, ya kuma sa mata na'urar kwamfuta mai taka wa kowace taya birki ita kaɗai idan mota ta nemi ƙwacewa. Tun daga 2014 wannan na'ura ta zama dole a kan dukkan sababbin motoci a Tarayyar Turai. Golf 2 da Golf 3 ba su da ita, don haka komai ya rataya ne a kan ƙarfe da roba da hannun direba.

Lodi da aljihu

Ƙaramar mota irin Golf an yi ta ne domin mutum biyar da ɗan kaya, jimillar nauyin da bai wuce kimanin rabin tan ba. Idan aka zuba mata mutum takwas da buhun masara uku masu kilo 100 kowanne, an wuce iyaka da nisa. Gaba yakan yi sakayau, sitiyari ya daina kamawa. Buhu ɗaya a saman rufi kuwa ya fi buhu biyu a ƙasan but illa wajen kwana. Kaya masu nauyi kamata ya yi su zauna ƙasa, kusa da tsakiyar mota, a kuma ɗaure su tamau.

Cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a shekara ta 2023 sun sa kayan gyara tsada, suka kuma ƙara tura direbobi ga lodin wuce kima da sayen kayan hannu, irin waɗanda ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka a Kaduna. Ƙarfen hannu mai lafiya na iya yin aiki, amma shokabzoba da roba da taya abubuwa ne masu ƙarewa, kuma ba a gane sauran kwanansu da ido. Masu iya magana dai na cewa araha ba ta ado.

Ga wanda kuɗinsa ba za su isa a yi komai a lokaci guda ba, tsarin da ya fi dacewa shi ne a fara da taya da iskarta, sai boljoyin da robobi da kawunan sitiyari, sai shokabzoba, sa'an nan sifirin idan motar ta zauna, a rufe da saiti. Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne ƙarshen damina, bayan ruwa ya gama ɓata hanyoyi, kafin buhunan kaka su fara fitowa.

Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade wa motocin haya gudun kilomita 50 a cikin gari, 80 a kan babbar hanya, 90 kuma a kan tagwayen hanyoyi. An yi wannan lissafi ne domin lafiyayyar mota mai ɗauke da nauyin da aka yi ta dominsa. Wadda aka ɗaga, aka kuma ɗora wa kaya a rufi, tana bukatar ta yi ƙasa da haka sosai, musamman idan ta doshi kwana.